Layi na Bakwai da Mai Shi

Gab da magariba Zulfa ta sauka daga adaidaita a Fagge, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Wani ƙaramin asibiti ne ya ɗauke ta ta haɗa ƙararrawar majinyata. Mara lafiya ya danna maɓalli, injin asibitin ya katse abin da yake yi, ya kira nas.

Agnes, nas ɗin da ke bakin aiki, ta nuna mata ɗaki na biyu. "Malam Isyaku ke ciki. Numfashi ke sarƙe masa, ba ya iya ɗaga murya. Yau ni kaɗai ce, ƙanwata."

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. A roƙi layin kira wurin kanel, uwar manhajar da ke juya injin, a duba amsarta. In ta hana, a tsaya.

Zulfa ta roƙi layi na bakwai. Amsa ta fito: da mai shi.

Ta duba. Tsohuwar waya ce kawai a kai, ta nufi ɗakin ƙarshe da aka daina kwantar da kowa. Ladan ya fara kiran salla, ita kuma tana gudun cunkoson shataletalen Bata. Sai ta goge wurin duba amsar, ta cusa ƙararrawar a layin da ƙarfi.

Ƙararrawa ta buga. Ta sake. Ta dinga bugawa ba ƙaƙƙautawa, alhali Malam barci yake. Da kira ya yi yawa, kanel ta toshe layin gaba ɗaya. Yanzu ko ya danna, ba mai ji.

Zulfa ta bi wayar har ɗakin ƙarshe don ta cire ta.

Warin tsohuwar rijiya. Gado ba katifa. Wayar a yanke take, tana lilo. Maɓallin ɗakin yana lotsawa shi kaɗai.

"Zulfa," aka raɗa a bayan kunnenta. "Kin shigo mana. Amsa."

Bakinta ya buɗe da kansa.

Ta cije harshe har jini, ta ruga waje. Ƙofa ta kama mayafinta, ta bar mata shi.

Ta mayar da abin da ta goge, ta roƙi wani layi. Aka ba ta. Nan take ɗaki na biyu ya kira. Agnes ta ruga, ta tarar da tsohon idanu a kafe, yatsa a kan maɓalli. Da ƙyar ya sha.

Washegari aka toshe ɗakin ƙarshen da bulo. Zulfa tana nan Sabon Gari tana aikinta. Amma in aka kira ta daga bayanta, ko mahaifiyarta ce, ba ta amsawa sai ta juyo ta ga fuska.