Ƙyallen da Ya Fito Daga Kwata

Ranar Asabar da hantsi 'yan Ƙungiyar Raya Tsakiyar Gari suka fito yashe babbar kwatar da ta bi gefen titin kantuna. A cikinsu akwai wani matashi mai gyaran waya, sanye da koriyar rigar ƙungiya. Ya turo baro cike da baƙin taɓo da ledoji da wasu ruɓaɓɓun abubuwa da ba a son tantancewa, ya karya kwana zuwa lungun bayan kantuna kamar yadda aka saba, ya juye. Da ya ɗago sai ya ga wata budurwa a ƙofar shagon ɗinki, almakashi a hannu, ta toshe hanci da gefen gyale.

"Sannu da aikin lada," ta ce. "A ƙofarmu ake tara muku ladan?"

Ya buɗe baki zai amsa, ƙuda ya sauka masa a leɓe. Ta yi dariya ba da son ranta ba, dariyar kuwa ta bi shi har shago.

Haka ƙungiyar take aiki. A yashe kwata, a shafa fenti a bakin titi, a jera tukwanen furanni, a ɗauki hoto a tura wa kwamitin raya birni. Taɓon kuwa a kai shi lungu, wai kafin motar shara ta zo, alhali kowa ya san motar ba ta iya shiga lungun. Amma gaskiya ne tun da suka fara aikin ruwan sama bai sake shiga kantunan mutane ba. Wannan ne ke cin ransa: aikin alheri ne, kuma ƙazanta ce, ya rasa inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara.

Ya koma shagon ɗinkin da wata rigar da shi da kansa ya cire wa maɓalli. Ita kuma ta kawo masa wayar da gilashinta ya fashe. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malam Kwata, waya ta gyaru. Saura hancina."

"Gimbiyata, ki ba ni lokaci. Hancin nan ya fi mini titin nan gaba ɗaya."

"Daɗin baki. Ka yi wanka kuwa?"

"Har na maimaita, saboda ke."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, tsohon telan da ke da shagon, sai ya tsayar da keken ɗinki.

"Wa? Mai baron nan? Kwastomomina sun gudu, kayan mutane na ɗaukar wari a rataye, sannan in ɗauki 'yata in ba shi tukuici? Kada in ƙara jin zancen."

Ba a jima ba Ciyaman na ƙungiyar ya fara zuwa gaishe da tsohon. Mai kantin turare ne, bai taɓa riƙe shebur ba sai in mai hoto ya iso. Ya zauna da hankici a hanci, ya ce, "Baba, tarin nan ai magana ɗaya zan yi a kwashe shi. In mun zama gida ɗaya, me zai gagara?"

Tana daga ciki tana jin su, ta ja tsaki.

Ciyaman bai tsaya nan ba. Ya tura mata hoton mai gyaran waya yana juye baro a lungunsu, hoton makon da ya gabata, bayan duk alkawuran da saurayin ya yi mata cewa zai daina. Ta tura wa mai gyaran wayar hoton ba tare da kalma ɗaya ba.

"Ni ne, ba zan musa ba," ya rubuto. "Na tada maganar a taro, suka yi mini dariya. In na bar ƙungiyar kwata ta toshe, in na zauna ke nake cuta. Hasken idona, ki ce wani abu."

Ta ajiye wayar, ta koma kan ɗinkinta.

Washegari da safe ta ji ƙarar shebur. Ta leƙo ta gan shi shi kaɗai, ba koriyar riga, yana loda tarin a baro yana turawa har bakin babban titi inda mota ke iya tsayawa. Da ya fasa ɓawon da rana ta busar a sama, warin da ya taso sai da ya kori awakin lungun. Ta fito da niyyar faɗa masa baƙar magana, sai idonta ya sauka a bakin shebur.

Wani shuɗin ƙyalle ne mai zanen ganye. Ta san shi, ita ta yanka shi. Ga wani, ga guntun zif, ga dunƙulen zare ya naɗe ledoji ya zama kamar mushen kare. Kullum da yamma in ta share shago, a ƙaramar kwatar bayansu take zubawa, ƙaramar kuma cikin babbar kwata take faɗawa.

"Ka san namu ne?" ta tambaya.

"Na daɗe da sani."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"In ce wa Baba me? Ga shararku na dawo muku da ita?"

Ta ɗauki ƙyallen a bakin sanda, yana ɗiga, ta shiga shago ta ajiye shi a gaban keken mahaifinta. Tsohon ya daka mata tsawa, sannan ya dubi abin da kyau. Shi ya sayo yadin. Shi ne kuma ya koya mata inda ake zuba shara tun tana ƙarama.

Can ya miƙe ya fita, ya tsaya yana kallon saurayin da taɓo ya kai masa gwiwa.

"Kai, yaro. Mu muka aika, kai ka dawo da shi. Duk lungun nan mutum ɗaya ne hannunsa fes, mai turaren nan, shi ne kuma nake ƙyama." Ya tofar da yawu. "Je ka wanke jikinka. Ka ce wa manyanka ina jiransu."

Ranar ɗaurin aure Ciyaman ya kawo mai hoto lungun da aka share, ya tura wa kwamiti a matsayin sabon aikin ƙungiya, aka yaba masa. Ango ya gani a waya, fuskarsa ta ɓaci. Amarya ta zare wayar daga hannunsa ta kife ta.

"Angona, yau dai ka bar su da halinsu."

Tsohon tela ya dafa kansu su biyu. "Ni ban koya mata komai daidai ba sai ɗinki. Sauran ku koya tare. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da suka fi mu."

Duk ɗakin aka amsa da amin.