Hoton Layin Kantuna

Ku matso. Delu, rage muryarki, Kawu Tanimu yana zaure.

Kun taɓa ganin ya yi dariya? To, da ba haka yake ba. Mai hoto ne shi, kuma baki gare shi kamar reza, duk gidan bikin da ya shiga sai an riƙe ciki.

Garin kakanninmu, Tungar Bawa, ya mutu tun da aka karkatar da titi. Kowa ya watse. Baban Kawu tela ne a layin kantunan garin, ya rasu Kawu yana goye. Ko hotonsa babu. Sai Kawu ya ce zai je ya ɗauki ko da kangon shagon ne. Matarsa, Gwaggo Talatu, ta ce ya nemi ɗan rakiya. Ya ce kango ba ya cizo.

Ya isa da almuru. Rufi ya rufta, ƙofofi sun ɓalle. Ko kukan tsuntsu babu. A bakin shagon ga wani dattijo zaune, rigarsa fara fat.

Kawu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ɗan tela ne?"

"Ni ne, Baba."

Bakin dattijon ne ke motsi, amma muryar ta bayan Kawu take fitowa.

"Kullum kai ke ɗaukar mutane. Kawo in ɗauke ka."

Kawu ya dubi ƙasa. Yashi ne lallausa, sawu kuma nasa ne kaɗai. Jikinsa ya gaya masa ya gudu. Amma babba ya miƙo hannu, ta yaya za ka ce a'a? Kunya ta sa ya miƙa kyamarar.

"Tsaya a ƙofa. Yi dariya."

Ya yi. Haske ya walƙa. Kyamarar na ƙasa, dattijon babu shi.

Ya dawo gida lafiya lau. Da ya wanke hoton, ba kango ya fito ba. Kantuna a buɗe, kekuna a jingine, mai tsire yana fifita wuta. Ga tela a kan kekensa na ɗinki. Ga Kawu a gefensa, hannun telan a kafaɗarsa, Kawun yana dariya har da haƙora.

Tun ranar shi ke nan, bai sake dariya ba. A sa masa gishiri a miya, a hana shi, duk ɗaya. Ranar da aka ce 'yarsa ta haihu, "To" kawai ya ce. Wallahi ni tausayinsa nake ji, har na gaji da jin.

Gwaggo ta taɓa ɗauko hoton za ta jefa a murhu. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba.

"Bar shi, Talatu," ya ce. "Can nake."

Don haka kada wanda ya bi hanyar Tungar Bawa shi kaɗai. In kuma baƙo ya ce kawo in ɗauke ka, gara a ce ba ka da kunya.