Ja Biyu a Gaban Sunan Direba

Sufeto ya wayi gari bai runtsa ba, tambaya guda tana nuƙurƙusarsa: wane irin ɓarawo ne zai shiga ofis, ya tsallake kwamfuta biyu, ya ɗauki na'urar awon hawan jini kaɗai?

Da hantsi ya koma ƙaramin kamfanin sabulun da aka yi satar. Ma'aikata tara ne, kuma jiya duk taran sun rantse ba su ga komai ba.

"Don lafiyarsu na saye ta, yallaɓai," in ji Manaja. "Duk Litinin a yi awo, in liƙa sakamakon a bango. Wanda jininsa ya hau sau uku, ya je gida ya huta."

"Har yaushe?"

Manaja ya gyara wuyan rigarsa.

Sufeto ya daɗe a gaban takardar sakamakon. An zana ja sau biyu a gaban sunan Direba. Kan Sufeto ya ƙara ɗaurewa: mara lafiya ne zai saci abin da aka saya dominsa?

Inna mai shara ta dogara tsintsiya. "Ɗana, ni shara na sani. Sai dai tun shekaranjiya Direba yake kulle kansa a mota da tsakar rana, gilashi a rufe. Da wannan zafin!"

"Jiya ba ki faɗa ba."

"Jiya ba ka gaishe ni ba."

Direba ya ce barci yake yi a motar. Amma hannun rigarsa na hagu ne kawai a naɗe, ga shatin ɗauri a damtsensa. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya laluba ƙarƙashin kujera, ya zaro na'urar.

"Ba sayarwa zan yi ba, ranka ya daɗe," in ji Direba. "Jibi Litinin. Ja na uku ke nan, ga 'ya'ya biyar. Aunawa nake yi ko zai sauka."

"Ya sauka?"

"Ina! Da na gan ta ma gabana ke faɗuwa."

"Me ya hana ka zuwa asibiti?"

"Sau huɗu ina neman hutun rabin yini. Aka ce ai ga na'ura nan."

Kofur ya tasa shi gaba zuwa motar 'yan sanda. Sufeto ya kama ɓarawonsa, amma ya kasa tantance abin da ya warware.

Ya koma ofishin Manaja, ya ɓare takardar daga bango, ya ninke ta cikin aljihu.

"Shaida ce," ya gaya wa Manaja.

A mota ya dubi Kofur. "Bi ta asibiti tukuna."