Kujeru Bakwai na Jif ɗin Liyakat

Sunana Barkat. Babbar mota na tuƙa tun kafin gemu ya fito mini, har idona ya raunana na sauka. Ban yi makaranta ba. Amma duk mutumin garinmu Kot Sabra da zai sayi mota sai ya zo ya zauna a bakin gadona ya yi tambaya. Nakan ba shi amsa. In na ga idonsa ya fi aljihunsa girma, sai in ƙara masa da labarin Liyakat.

Liyakat ɗan ƙanena ne. Ubansa ya rasu da wuri, ni na koya masa tuƙi. Shagon wani yake tsaro a kasuwar kayan gyaran mota ta birnin Lahor. Kullum bayan asuba zai hau babur, ya bi gefen magudanar ruwa, ya ratsa tsakanin taraktocin rake, ya haye gadar kogin Ravi. Ba ya dawowa sai 'ya'yansa sun fara gyangyaɗi. Hanyar ta ci masa baya, ta ci masa fara'a.

Wata safiya da damina ɗan Caudari, mai gonakin garinmu, ya wuce shi a jif ya watsa masa taɓo har cikin baki. Bai ko waiwayo ba. Da yamma Liyakat ya zo wurina.

Ya ce, "Baffa, mai bin wannan hanya kullum, wace mota ta dace da shi?"

Na ce, "Kai da ko taya ba ka iya saya?"

"Tambaya dai na yi."

"Ƙaramar mota ba ta shan mai, amma cikinta a ƙasa yake, ramukan gefen magudana za su farke ta. A-kori-kura ita ce motar talaka. Ka ɗora madara da kayan lambu da safe, su biya maka mai. Ita take ciyar da kai."

"Jif fa?"

"Jif kai kake ciyar da ita. Mutum ɗaya, kujera bakwai. Aljanu za ka ɗauka?"

Bai yi dariya ba.

Abin da ya biyo baya shi ya faɗa mini da bakinsa, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

A gaɓar Ravi akwai tsohuwar matoyar bulo da aka daina aiki da ita. A cikin ramin wutar wani boka yake zaune, ana kiransa Baba Kalu. Da tsakar rana Liyakat ya je, amma ciki duhu ne. Bango baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi. Fitilar man mustad guda ɗaya. An rataye lemon tsami da zare, kowanne an cake shi da allurai har ya bushe. Ga ƙasar kabari a tukwane, ga fuka-fukan mujiya, ga baƙin zakara ɗaure da ƙafa, ba ya motsi, ba ya cara. Wurin yana warin jini da toka.

Bokan bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗan taɓo, ka iso?"

Liyakat ya durƙusa. Ya ce, "Baba, arziki nake so. Na gaji da hanya."

"Ba ka gaji da hanya ba. Ka gaji da a gan ka a kanta."

Ya jawo wani tsumma ya buɗe. Motocin yumɓu ne guda uku, irin na wasan yara. Ƙaramar mota, a-kori-kura, da jif.

"Zaɓi. Arzikinka daidai da yawan kujerunta. Wannan ta tsakiya kujera biyu gare ta, za ka ci ka ƙoshi, shi ke nan. Wannan biyar. Wannan babbar bakwai, Caudari ma sai ya miƙe in ka shigo."

"Me zan biya?"

"Ba na karɓar rupi. Daga lokacin da makulli ya shiga hannunka, duk mai rai da ya fara zama a kowace kujera nawa ne."

Liyakat ɗan kasuwa ne, ya saba neman ƙofar baya. Ya ce, "Ko akuya ce?"

"Mai rai na ce."

"Ba za ka dawo ka ce mutum kake nufi ba?"

"Ni ba na canja magana. Ku ne kuke canjawa."

Liyakat ya sa hannu ya ɗauki jif. Ya ce, "Awaki shida ke nan. Da arha."

Bokan ya ɗago kai ya dube shi a karon farko. Ya tsaga masa babban yatsa, ya ɗiga jinin cikin motar yumɓun ta taga, ya yanka zakaran a kanta, ya tura ta cikin garwashi.

Kafin a gama yankan alkama, mai shagon ya faɗi, rabin jikinsa ya mutu. 'Ya'yansa suka bar wa Liyakat shagon kamar kyauta. Duk abin da ya taɓa sai ya yi tsada washegari. Shago ya zama uku. Ya biya kuɗin jif baƙa, sabuwa fil. Ya kawo awaki shida ya ɗaure a bayan gidana, ya ce na sadaka ne. Niyyarsa ya shigo ta bayan gari da rana tsaka, ya ɗora su a kujeru, babu wanda ya gani.

Ƙanensa Sajid ne ya ɓata shirin, don murna. Ya gaya wa gari duka. Kafin Liyakat ya kai mararrabar bayan gari, mutane sun tare hanya da ganguna da sarƙar furanni da tiren alawar laddu. An jera ƙwai a gaban tayoyi don motar ta taka, kamar yadda aka saba yi wa sabuwar mota. Ga mahaifiyarsa Nasrin an riƙo ta, ta sa fararen kayanta na Idi.

A wurinmu sabuwar mota ba ta shiga gida sai uwa ta fara zama a ciki ta sa albarka. Haka muka tarar.

Liyakat ya fito, fuskarsa kamar toka. Ya ce, "Ammi, ki ɗan dakata. Gobe."

Ta ce, "Gobe? Na yi wanka na sa turare ka ce gobe? Buɗe mini, ɗan nema."

"Akwai abin da zan fara yi."

Wata tsohuwa ta ce, "Oho! Kuɗi ya zo, uwa ta zama datti. Tsoro yake kada ta ɓata masa kujera."

Aka yi dariya. Sajid ya ce, "Yaya, ko sai mun cire takalma?"

Ina tsaye ina kallonsa. Kalma ɗaya ce za ta cece su. Da ma ya ce awaki zai fara ɗorawa, a yi masa dariya shekara guda, a manta. Ko ya koma ciki ya ja motarsa ya gudu. Sai ya waiwaya, ya ga ɗan Caudari a kan gadar magudana, ya harɗe hannu yana murmushi.

Da hannunsa ya buɗe wa uwarsa ƙofar gaba.

Matarsa Ruksana ta shiga tsakiya da ɗansu Adil. Sajid ya faɗa kusa da su. Ƙaramar 'yarsa Mahnur tana kuka, aka miƙa ta ciki ta taga. Sajid ya leƙo ya ce, "Baffa, ga wuri a baya!"

Na ce, "Ni ba buhun albasa ba ne. Kuma ba na zama a bayan wanda na koya wa riƙe sitiyari."

Suka taka ƙwai suka zaga gari. Da yamma Liyakat ya ɗora awaki biyu a kujerun baya. Da safe na tarar da su a ƙofar gidana, sun sanƙare, babu ciwo a jikinsu.

Dukiya ta ci gaba da zuwa. Ya gina bene. Caudari ya miƙe masa a wurin ɗaurin aure, na gani da idona.

Nasrin ce ta fara tafiya. A kan dardumar salla aka same ta, lafiyarta ƙalau da safe. Ba a yi arba'in ba aka tsamo Sajid daga magudana, a inda ruwa bai kai ƙugu ba. Adil ya yi zazzaɓi, aka kai shi manyan asibitocin Lahor, likitoci suka ce ba su ga komai ba. Ranar da aka binne shi Ruksana ta zauna a tsakar gida, ta haɗe gwiwa, ta riƙe iska da hannu biyu kamar mai riƙe bayan kujera. Tana jijjiga tana cewa, "A tsaya in sauka. Don Allah a tsaya in sauka." Har yau abin da take faɗa ke nan.

Liyakat bai daina bin hanya ba, don ranar da bai fita ba sai ya ji ana danna ham a cikin kansa. Ya ce motar ta yi nauyi. Mai ba ya isar ta. Da safe yakan tarar kujeru sun lotsa, da ɗumi. Ya cire madubin ciki ya jefar, don kada ya ga waɗanda ke zaune a baya. A gadar Ravi akwai masu sayar da naman sadaka, matafiyi ya saya, ya zagaya da shi a kansa, ya jefa wa shirwa don neman tsari. Ya saya ya jefa. Shirwa suka kauce suka bar naman ya faɗa ruwa. Masu naman suka daina miƙa masa.

Wata safiyar hunturu, hazo ya rufe gari, na ji mota ta tsaya a ƙofata. Ya shigo ya rame kamar kara.

Ya ce, "Baffa, zo in kai ka Lahor a duba maka ido. Na buɗe maka ƙofar gaba."

Na ce, "Shekara nawa idona yake ciwo? Yau ka tuna?"

Ya tsaya. Sai ya faɗi ya kama ƙafafuna, ya amayar da komai. Ya ce ya koma wurin Baba Kalu ya roƙi ran Mahnur, ita kaɗai ta rage masa. Bokan ya ce ya kawo tsohon nan mai taurin kai ya zaunar da shi a gaba, sai ya saki yarinyar.

Na janye ƙafata. Na ce, "Wato yankana ka zo yi."

"Baffa, yarinya ce. Kai ka ci zamaninka."

"Da ranta a hannunsa yake, da na shiga da ƙafata. Ranar nan ina ta zauna?"

"A gaba."

"A cinyar kakarta. Ina tsaye a waje, na gani. Ko tufarta ba ta taɓa kujera ba. Kujerar gaba kuwa, bokan ya riga ya karɓi nasa a kanta. Abin da ba nasa ba yake sayar maka, don ya ƙara da ni."

Ya ɗago kai, haske ya fara shiga fuskarsa. Ya ce, "To an gama ke nan? Ammi, Sajid, Adil, Ruksana, awaki biyu. Shida. An biya!"

Na ce, "Kujera nawa ce a motar?"

"Bakwai."

"Da aka ba ka makulli, a tsaye ka tuƙo ta?"

Na ce ya bar motar nan, ya rabar da dukiyar, ya tafi masallaci ya nemi gafarar Wanda ya saɓa wa. Ya ce to. Ya miƙe. A bakin ƙofa ya dafe kunnuwansa, ya ce, "Suna danna ham, Baffa. Sun ce mun makara." Ya shiga ya ja.

A tsakiyar gadar Ravi aka same shi. Injin yana aiki, ƙofofi a kulle, hannunsa biyu a kan sitiyari, ya sanƙare. Masu naman sun ce shirwa sun rufe rufin motar baƙi ƙirin, ba a iya korar su ba sai da aka fitar da gawar.

Shagunan sun ƙone a wannan hunturun. Benen ya tsage, jemagu ne a ciki. Jif ɗin tana bakin magudana, ciyawa ta fito ta tagoginta, ko masu sayen ƙarfe sun ƙi ta. Mahnur tana gidana. Ta girma. A ƙafa take zuwa makaranta.

Kai da ka zo tambaya, ga amsarka. Ka sayi motar da guminka ya saya, ko da ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Wanda ya je ramin boka neman kujeru, da mutanen gidansa zai cika su, kuma tasa ce ta farko da aka rubuta. Tashi ka tafi.