Jirgin da Ba a Ce Ya Cika Ba

Tuwo na kai bakin gulbi ranar nan, shi ke nan abin da ya fitar da ni. Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi ce, ƙarshen damina, ruwa ya shafe fadamar Kalgo har gindin giginyu.

Maigidana Bawa fito yake yi, yana ƙetarar da mutane a jirginsa mai inji. Tun rani hannunsa na dama ya shanye. Na hagu ba ya iya riƙe mariƙin inji a ruwa mai ƙarfi, sai ya koma zaman zaure, ba ci ba magana. Mutumin da ke ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai, wai ni ke ɗaura masa mazagin wando. Tsorona kada baƙin ciki ya kashe mini shi ina kallo.

Shi ya sa na aika Gwandu aka kira ƙanena Jibrin, mai gyaran rediyo. Mu gidan malamai muka fito, Jibrin ko iyo bai iya ba, amma in dai waya ce, a bar masa. Ya zo da buhun tarkace: injin waifa mai share gilashin tsohuwar Fijo, batirin mota, da wata motar wasan yara mai rimot. Ya ɗaure injin waifan a jikin mariƙin, yana tura shi dama da hagu. Ya haɗa da kamfas ɗin duba alƙibla na babanmu, yadda in an saita kan jirgi zai riƙe hanya da kansa. Sauran kayan ya cusa cikin robar sabulu, eriya na leƙowa, da madannai a kai. Gidana ya cika da warin dalma da ƙonanniyar roba. Na yi ta mita, amma da na ji Bawa na dariya, sai na ja bakina.

"Da yatsa guda za ka tuƙa shi, Yaya," in ji Jibrin.

Da na iso gaɓa da tuwon, ranar gwajin jirgin, rana ta yi ja. Jibrin na tsaye shi kaɗai, robar sabulu a hannu, baki har kunne. Jirgin kuwa yana can tsakiyar ruwa yana tafiya, ba kowa a ciki.

"Ina maigidan?"

"Ya zaga alwala. Dubi aiki, Yaya Hajjo."

Aure ne ya kawo ni cikin masu ruwa, amma abu guda na sani. Mai fito a nan, in rana ta yi ja, ba ya ture jirgi daga wancan ƙetaren sai ya ce, "Ya cika," ko da shi kaɗai ne a ciki. Na taɓa yi wa Bawa tsiya a kai, ya ce ba mutane kaɗai ke jiran fito ba.

"Kai, juyo da shi. Kada shi taɓa ƙetare."

"Ai ya taɓa."

Jirgin ya jingina da gaɓar can, inji na gurnani ƙasa-ƙasa. Ya yi rawa sau ɗaya. Ya sake yi. Ya yi ta rawa, kamar ranar kasuwa in mata na shiga da ƙwarya. Jibrin ya danna, jirgi ya juyo.

Ƙarar injin ta sauya. Nishi yake yi, irin na kaya.

Kwaɗi suka yi tsit.

Iska ta kawo wani wari, na tsohuwar laka da jiƙaƙƙun tufafi. Jirgin ya nutse har ruwa na lasar bakinsa. Ina jin katako na ƙara. Ina ganin ciki sarai, daga kai har gindi. Wayam.

Bawa ya fito daga bayan ciyawa, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya tsaya cak.

"Wa ac ciki?" Da raɗa ya yi tambayar.

"Ba kowa, Yaya."

"To wa yac ce ya cika?"

Jibrin ya ɗaga robar. Ya danna hagu, ya danna dama, jirgi bai ko gezau ba. Na ga madannin ya lotsa da kansa, yatsan Jibrin na sama. Ruwa na tsiyaya daga cikin robar, baƙi, yana bin hannunsa.

Jirgin ya miƙo kanmu. A bayanmu gari ne, ina jin hayaniyar yara da ladan yana gyara murya.

"In sunka sauka wanga gefe, gari za su shiga," in ji Bawa.

Ya nufi ruwa, na riƙe masa riga. Wallahi na riƙe da hannu biyu, ina cewa ya rufa mini asiri. Ya fizge, ya shiga ruwa har ƙirji, ya tare jirgin kafin ya taɓa ƙasa. Da hannun hagu ya ja jiki ya hau.

"Salamu alaikum," na ji ya ce. "A yi haƙuri, a ɗan matsa."

A karkace yake tafiya cikin jirgin da ba kowa, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake gwiwoyi.

Ya kai gindi. Ya tsinke wayoyin Jibrin.

Sai hannunsa na dama ya tashi. Daga wuyan hannu ya tashi, yatsu na lilo, yadda hannu ke tashi in wani ya kama shi. Aka ɗora shi a kan mariƙin. Yatsun suka damƙe.

Jirgi ya juya.

Aka yi kiran salla aka gama, muna tsaye. Inji ya mutu a can. Na ji tsundum. Na sake ji. Ban iya ƙirgawa ba, kuka nake yi.

Can muryar Bawa ta ratso ruwa, siririya.

"Ya cika."

Ya dawo da ransa, jikinsa sanyi ƙalau.

Jibrin ya bi motar farko zuwa Gwandu. Har yau yana gyaran rediyo, amma in ka kai masa abu mai rimot sai ya ce ka gwada gaba.

Bawa kuwa ya koma fito. A cikin jirgi hannun nan ƙarfe ne, mutane suna ta barka, Allah ya ba shi lafiya. Ni na san abin da ba su sani ba. Da rana ta yi ja yatsun ke fara motsi, ko yana tsakiyar magana sai ya miƙe ya nufi gulbi, ya ture jirgi ba fasinja ko ɗaya da ido ke gani. Na roƙe shi, na yi yaji, na dawo. Ya ce da ni, "Hajjo, hannun aro anka ba ni, kuma masu shi na jira."

In ya dawo, da ya tako ƙasa hannun ke faɗuwa. Ni nake ba shi tuwo a baki.