Mabuɗin Malama Kwaɗo

Sufeto na tsaye cikin taɓo har ƙauri a unguwar bakin kogi lokacin da aka zaro gawar tsohon tela daga ƙarƙashin bangon shagonsa. Maƙwabta suka ce ya riga ya tsira, ya koma ɗauko keken ɗinkinsa. Saƙon gargaɗin da aka saba turo musu a waya kafin kogi ya cika bai iso ba sai da ruwa ya shiga ɗakuna.

Yana nan aka kira shi daga ofis, aka ce cibiyar hasashen ambaliya ta kai ƙarar sata, ya wuce can kai tsaye shi da Kofur.

Darakta ce ta tarbe su, fuskarta babu walwala. Ta ce an sace wani mabuɗi, kuma da shi aka tsayar da aikin hasashen jiya. Sufeto ya tambayi ƙofar da mabuɗin ke buɗewa. Ta ce ba irin wannan mabuɗin ba ne, sannan ta sa aka kira Injiniya, dattijon da ya kafa tsarin.

Injiniya ya kai su ɗakin na'urori. Sanyi ya daki Sufeto tun daga bakin ƙofa, ga ƙugin fankoki kamar jirgi zai tashi. Kwamfutoci ne jere a kantoci, kowace da 'yar fitilarta. Sufeto ya dubi sawun taɓon da takalmansa suka bari a kan farin daɓe, ya rasa inda zai sa ƙafa.

Dattijon ya yi masa bayani a hankali, da ɗaga murya saboda ƙugin. Ya ce duk kwamfutocin nan haɗe suke suna aiki tare, kuma akwai wata manhaja da ke raba musu aiki. Kowa ya turo lissafinsa sai ta sa shi a layi, ta duba na'urar da ke da sarari ta ɗora mata. Ma'aikata suna kiranta Ɗan Kamasho, don aikinta ke nan, cika mota da fasinja. An umarce ta kullum ta sa hasashen ambaliya a gaban layi, kuma ba a iya karya wannan umarni sai da mabuɗai biyu, 'yan ƙananan na'urori da ake sokawa a jikin babbar kwamfutar ɗakin.

"Wa ke riƙe da su?"

"Ɗaya nawa ne, kullum yana soke a nan saboda gyare-gyare. Ɗayan na jami'ar tsaro ne. Shi aka sace."

"Kai ina kake jiya da rana?"

"Asibiti na kai iyalina. Can na wuni."

Darakta ta ƙara da cewa jiya ne kuma ranar gwaji. An ɗauko wani masani daga waje ya auna ƙarfin tsarin kafin a amince da shi gaba ɗaya, kuma tsarin ya ci gwajin da kyau. Abin da ya rage mata kenan na rufin asiri, in ji ta.

Jami'ar tsaro budurwa ce siririya mai tabarau. Abokan aikinta suna kiranta Malama Kwaɗo, wai komai ta gani sai ta garƙame. Kofur ya raɗa wa Sufeto cewa 'yar ƙanwar Injiniya ce, a gidansa ta tashi tun uwarta ta rasu, shi ya sa ta a makaranta.

Ta ce mabuɗin yana cikin jakarta, ta ajiye a kan tebur ta fita cin abinci, ta dawo babu shi. Sufeto ya ce ta miƙo jakar. A ciki akwai wayarta da katin banki da igiyar da ake rataya mabuɗin a wuya. Ya juya igiyar a hannu. Ba a yanke ta ba. An kwance ɗan zoben ƙarfen da ke riƙe mabuɗin, an kuma mayar da shi yadda yake.

"Ɓarawo ya tsaya ya kwance zobe da farce, ya gyara miki, ya bar waya?"

"Haka na same ta, Yallaɓai."

"Ke da kike kulle komai kika bar mabuɗi a jaka?"

Idonta na kan tebur.

Darakta ta matsa a yi wani abu, don 'yan jarida sun fara taruwa a bakin get. Shugaban Sufeto ma ya bugo waya yana faɗa, an rasa rai, dole a ga wani a hannu. Sufeto ya san abin da ke hannunsa bai kai a tsare mutum ba, amma ya ce Malama Kwaɗo ta biyo su. Ta ɗauki jakarta ba gardama. Da suka wuce ofishin Injiniya ƙofar a rufe take.

Washegari da safe Sufeto ya samu Mai Gwaji, masanin da aka ɗauko, a masaukinsa yana haɗa kaya. Mutum ne mai surutu da raha. Ya ce shi ko ɗakin na'urorin bai shiga ba, daga ɗakin taro ya riƙa turo ayyukan gwaji yana duba yadda Ɗan Kamasho ke raba su. Sharaɗinsa ɗaya ne, a yi gwajin alhali ayyukan yau da kullum suna tafiya, don ba a gane ƙarfin jaki sai da kaya a bayansa.

Sufeto ya tambaye shi ko ya ga wani abu da bai kwanta masa ba. Mutumin ya daina naɗe riga. Ya ce sakamakon ya yi kyau fiye da kima. Duk aikin da ya turo nan take yake samun wuri, kamar ka shiga kasuwa ranar cinta ka tarar babu kowa. Har ya yi mamaki ya sake gwajin daga farko, ya kuma sake, abin da ya kamata a gama kafin abincin rana ya kai su yamma.

"Ka gaya wa wani?"

"Ban gaya wa kowa ba. Na ce ko ni ne na raina aikin dattijon. Na sa hannu na yaba." Ya zauna a bakin gado. "Da na buɗe baki na tambaya, da ƙila an duba."

A mota Sufeto ya tambayi Kofur wa ke cin ribar tsarin ya zama fanko ranar gwaji. Kofur ya ce ai ba ɓarawo ba, sai dai mai son a yaba masa.

Mai Hasashe shi ne wanda aikinsa ya maƙale. Sun same shi a ofis idanunsa sun yi ja. Ya ce da ya ga hadari ya haɗu a saman kogi ya turo lissafinsa, sai ya ga ya tsaya a layi ba ya motsi, abin da bai taɓa faruwa ba. Da farko ya ce wa Sufeto bai kira kowa ba, jira kawai ya yi. Sufeto ya ce masanin da ke kallon hadari ba ya naɗe hannu ya jira. Mutumin ya share fuska, ya amsa cewa ya kira Injiniya.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana asibiti, in yi haƙuri, zai saki da kansa ba da jimawa ba."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Shi ya koya mini aiki, Yallaɓai. Kuma da ƙyar nake jin muryarsa a wayar saboda ƙugi. Na san ƙugin nan. Babu asibitin da ke da irin fankokin nan."

Daga nan suka nufi gidan Injiniya. Ba ya nan. Matarsa, dattijuwa mai ciwon gwiwa, ta sa aka ba su kujeru ta kawo ruwa. Sufeto ya yi mata sannu da jiki, ya ce ya ji an kai ta asibiti shekaranjiya. Ta yi dariya ta ce kai ta dai aka yi, aka jibge ta a benci kamar buhu, maigidan ya ce zai je ya dawo, ba ta sake ganinsa ba sai da ruwa ya goce. Ta ce tun da aka fara zancen gwajin nan ba ya cin abinci, wai yaran ofis suna so a yar da aikinsa a sayo na kamfani.

Suna miƙewa ta tambaya ko a wurin aiki sun ga 'yarta, jami'ar tsaron. Kawunta ya ce an tura ta wani taro a wani gari, amma yarinyar ba ta taɓa tafiya ba tare da ta kira ta ba.

Sufeto ya ce tana nan lafiya, yau za ta dawo. Bai iya kallon matar ba har ya fita.

A caji ofis ya sa aka fito da Malama Kwaɗo daga bayan kanta. Tufafin jiya ne a jikinta, sun yamutse, tabaranta a hannu. Ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya. Ya gaya mata abin da ya ji daga Mai Gwaji da Mai Hasashe da gwaggonta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta maimaita cewa a jaka aka sace. Ya ce mata tsohon tela ya mutu a ƙarƙashin bango. Hawaye suka zubo mata, amma maganarta ba ta canza ba.

Ya aika Kofur ya zo da Injiniya. Dattijon ya shigo da fara'ar dole, ya fara cewa ya zo neman belin yarinya. Da idonsa ya faɗa kanta sai ya katse maganar.

"Ina kwana, Kawu," ta ce.

Ya nemi bango ya jingina.

Sufeto bai ɗaga murya ba. Ya ce masa matarsa ta wuni ita kaɗai a bencin asibiti, kuma an ji ƙugin ɗakin na'urori a wayarsa. Ya ce yarinyar nan ta zaɓi ta tafi kotu a madadin wani, kuma idan ba a sami mai magana ba gobe za a kai ta.

Injiniya ya sa hannu cikin aljihun ciki ya fito da ɗan mabuɗin, ya ajiye a kan tebur. Ya ce ba sata aka yi ba. Shi ya je ofishinta da safe ya ce ta ba shi, zai yi wani ɗan gyara. Ta ce masa doka ta hana, dokar da ita ta rubuta shi kuma ya sa hannu. Ya ce mata yanzu har ta yi girman da za ta karanta masa doka. Sai ta kwance ta ba shi.

Ya ce ya daɗe da sanin tsarin yana tangaɗi idan aiki ya yi yawa, layi yakan cushe. Gyara ne da zai yiwu, amma yana bukatar lokaci, shi kuma ya riga ya bugi ƙirji a gaban Darakta da yaran da ya horar. Ritayarsa ta kusa, bai so abin da za a tuna shi da shi ya zama faɗuwa a gwaji ba. Sai ya dakatar da duk ayyukan cibiyar don gwajin ya sami fili. Ya ɗauka abin ɗan lokaci ne, sama kuma garau take da safe. Da Mai Gwaji ya sake, ya kuma sake, sai ya kasa saki, don da ya saki za a ga bambancin nan take. Har lokacin da Mai Hasashe ya kira, yatsansa na kan maɓallin, bai danna ba.

Da labarin unguwar ya iso, Darakta ta fara tambaya, shi ya ce wa yarinyar ta ce an sace. Ya yi zaton za a nemi ɓarawon da babu shi a gaji a bari.

"Jiya da muka wuce da ita kana cikin ofis?" Sufeto ya tambaya.

"Ina ciki. Ina jin takunta."

Kofur ya dubi Sufeto, ankwa na hannunsa. Sufeto ya girgiza kai, ya ce a ajiye ankwar, mutumin ba gudu zai yi ba. Sannan ya juya ga Malama Kwaɗo ya ce ƙaryar da ta yi wa hukuma sai ta amsa ta, amma kwanan da ta yi a nan laifinsa ne, ya san bai kamata ba tun yana yi. Ya nemi ta yafe masa. Ta gyaɗa kai kawai.

Kofur ya kama hannun dattijon za su shiga ciki. A bakin ƙofa dattijon ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ki koma ki zare mabuɗina ki soke izininsa yau. Ki gaya wa Mai Gwaji ya janye sa hannunsa, a sake gwajin alhali ayyuka suna tafiya. Layin yana cushewa ne idan manyan ayyuka suka haɗu, daga nan za ku fara gyara."

"To, Kawu. Me zan ce wa Gwaggo?"

Kafaɗunsa suka sauka.

"Ki gaya mata inda kika kwana," ya ce. "Sauran za ta gane."

Kofur ya ja ƙofar ya rufe. Sufeto ya ɗauki makullin mota ya ce ta taso ya kai ta gida, don shi ma akwai abin da zai faɗa wa tsohuwar da bakinsa.