Hannun Hagu na Solène

A wajen jana'izar mahaifiyarsa Aurélien ya fara ganin Solène. Tana gefen coci da jita a cinya, tana kaɗa wani kiɗa mai sanyi da wani Bafaranshe ya tsara bayan yaƙin duniya na biyu, na jita ita kaɗai, ba waƙa ba rakiya. Marigayiyar ce ta bar wasiyya a kaɗa mata shi.

Aurélien bai yi kuka ba. Da aka watse ya je ya yi mata godiya, ya ce amma shi bai ji komai a ransa ba. Ta ce ba laifi.

Daga nan in ya tashi daga kantin maganin da yake aiki, sai ya wuce ɗakinta a birnin Nantes, ya zauna tana maimaita kiɗan, don da wannan kiɗan za ta shiga gasa a Paris. Ba su cika magana ba.

Mahaifinta Garrec, wanda ya koya mata jita tun tana ƙarama, bai so zuwan Aurélien ba. Ya ce wannan mai fuskar makoki zai kashe mata jiki. Wani ɗalibinsa, Thibault, shi yake so ta aura.

Ana haka hannunta na hagu ya fara ƙi. Duk sanda kiɗan ya zo wurin sauri, yatsu biyu su naɗe, ta daina jin tsirkiya. Likita ya ce jijiya ce, ƙila ta warke, ƙila a'a. Thibault ya je gasar da kiɗan, ya ci. Solène ta rufe jita, ta daina ɗaga waya.

Ran da Aurélien ya hango ta a motar Thibault, sai ya tura mata saƙo:

"Tsuntsuwata, in shi kika zaɓa ki gaya mini. Ba zan yi rigima ba."

"Asibiti ya kai ni. Hannuna ya mutu. Ba sauran abin da za ka zo saurara."

"Ni da ma ke nake zuwa kallo. Buɗe ƙofa, ga ni a ƙasa da burodi."

Ta buɗe.

Wata Lahadi Garrec ya same su a tebur. Aurélien na yanka mata nama bai ko ɗago ba, ita kuma tana ci, ita da ta daɗe da barin abinci. Tsohon ya ja kujera ya zauna.

Ba a daɗe ba, a ofishin magajin gari aka ɗaura musu aure. Hannun bai warke ba. Da Aurélien ya zura mata zobe a yatsan hannun nan ba ta ji shigarsa ba, sai da ta duba ta gan shi, ta yi ɗan murmushi.

A bakin ƙofa Garrec ya kamo hannun nan ya ɗora a tafin hannun ango.

"Na wahalar da shi da yawa, ɗana," in ji shi. "Ka riƙe shi a hankali. Allah ya zaunar da ku lafiya."